Marayun ƙarafa: yadda na haɗa 'yar guntuwar Winchester a Texas

A cikin tsohon gwangwanin biskit na fara ganinta, an naɗe ta da tsumma mai warin baƙin mai. Babu bututu, babu katako, babu liba, wato hannun da ake ja a ɗana bindiga. Wani dunƙulen ƙarfe ne kawai mai rami a ciki, tsawonsa bai wuce tafin hannu da rabi ba, launinsa kamar na tsohuwar tukunyar suya. Dattijon da ke da shagon, wani Bature maƙerin bindiga da ya haura shekara 70 a wani ƙaramin gari da ke wajen Houston, ya ɗora shi a kan kanta ya ce wannan ita ce uwar jikin bindigar Winchester samfurin 1892. A cikin tarkacen wani mamaci ya saye ta, magada sun tattara komai sun sayar a dunƙule, kuma shekara uku ke nan ba wanda ya ko taya.

Na juya ta na ga lambar masana'anta a ƙasa, ba ta goge ba. Na tambayi kuɗi, ya faɗa, ban yi ciniki ba, abin da da a Kurmi ne sai a ce an yi mini asiri. Kafin in fita da ita sai da na cika fom, aka binciki sunana a wajen hukuma aka ga ba ni da wani laifi, domin a dokar Amurka wannan dunƙulen mai lamba shi ne bindiga. Bututu, katako, sifirin da sauran ƙananan kaya duk tarkace ne, kowa na iya saye a aiko masa ta gidan waya. Amma wannan, ko da ba ya iya harba ko ƙwayar gero, bindiga ne a idon hukuma.

Da na isa gida na ajiye gwangwanin a kan tebur, uwargida ta leƙa ta ce, "Maigida, wannan kuma na wane injin ne?" Na ce bindiga ce. Ta ƙara leƙawa, ta ce to Allah ya raya ta.

Duk wanda ya tashi a Kano lokacin da fina-finan kaboyi ke tashe ya san wannan bindigar ko da bai san sunanta ba. Ita ce wadda jarumi kan zaro daga gefen sirdi, ya ja wani hannu da ke ƙasanta gaba ya dawo da shi, ƙaras-ƙaras, kwanson harsashi ya yi tsalle sama. Mu yara muna kwaikwayonta da karan dawa da kwalin sigari. Sai da na girma na zo ƙasar nan na gane cewa masu shirya fina-finan sun daɗe suna yi mana wayo: labarin da suke nunawa na wajen 1870 ne, bindigar da ke hannun jarumin kuwa ba a ƙera ta ba sai 1892. Ita ce ta fi sauƙin samu a wajensu, kuma daga nesa wa zai bambanta?

John Moses Browning ne ya tsara ta, mutumin Ogden a jihar Utah, wanda aka haifa a 1855 ya rasu a Beljiyam a 1926. Ya riga ya yi wa kamfanin Winchester wata babba, samfurin 1886, ta manyan namun daji. Sai ya rage mata jiki domin ƙananan harsasai, ya bar mata sirrin ƙarfinta, wato wasu ƙarafa biyu da ke tasowa su tokare bayan harsashi kamar an sa wa ƙofa sakata biyu. Ana ba da labarin cewa ya ce wa shugaban kamfanin zai kawo samfurin cikin wata ɗaya a biya shi dala 20,000, in ya makara kuma a karɓa kyauta, bai kuwa makara ba. Masana'antar da ke New Haven a jihar Connecticut ta ƙera sama da miliyan ɗaya daga 1892 zuwa farkon shekarun 1940.

A cikin miliyan ɗin nan akwai 'yan ƙalilan da aka fitar da gajeren bututu, inci 14 ko 15, maimakon inci 20 na ƙaramar da aka saba ko inci 24 na doguwar. Masu tara tsofaffin bindigogi ne suka laƙaba musu suna Trapper, wato ta maharbin da ke yawon duba tarko a cikin sarƙaƙiya, wanda ba ya son doguwar aba tana sarƙe masa a reshe. Da yawansu an tura su Kudancin Amurka da Ostareliya. Na taɓa riƙe ta asali sau ɗaya, mai ita yana tsaye a kaina kamar na ɗauki jaririnsa. Ba ta da nauyi, tana kwanciya a hannu kamar sandar makiyayi. Da na ji farashinta na mayar masa da sauri, na ce wannan ba sa'ata ba ce. Tun daga ranar tunanin haɗa tawa ya shiga raina.

Dattijo ya yarda zai taimaka, amma da sharaɗi ɗaya, kuma ya faɗe shi yana nuna ni da yatsa. Ba zai sa zarto a lafiyayyar tsohuwar bindiga ba, ko nawa zan biya. Duk abin da zai shiga wannan aikin sai ya kasance wanda ya riga ya rabu da 'yan uwansa, ko wanda ya lalace ta yadda gyaransa ba zai cuci kowa ba. Marayu kawai, in ji shi. A lokacin na ɗauka tsaurin kai ne irin na tsofaffi. Yanzu da na ga yawan bindigogi masu shekara 100 da wasu suka guntule don kwalliya, ina ganin gaskiyarsa.

Abu na farko da ya sa ni yi ba na ƙarfe ba ne, na takarda ne. Tsofaffin kundayen masana'antar Winchester suna gidan tarihin bindigogi da ke Cody a jihar Wyoming, kuma in ka aika musu lambar tsohuwar bindigarka tare da kuɗin aiki, sukan duba su aiko maka da wasiƙa. Tawa ta nuna cewa an fitar da ita daga sito a 1904, doguwa ce mai bututu inci 24 mai kusurwa takwas, kuma ta harsashin .44-40 ce. Wasiƙar ba ta faɗin wanda ya saya. Na karanta ta ya fi sau goma, ina tunanin 1904, shekara ɗaya bayan Turawa sun ci Kano.

Maganar harsashin nan tana da muhimmanci, kuma a nan na fara cin kwakwa. Lamba 44 kaurin harsashin ne, 40 kuma awon baƙin albarushin da ake zuba masa a da. Winchester ta fito da shi tun 1873. Amma an yi samfurin 1892 a harsasai da dama, manya kamar .44-40 da .38-40, ƙanana kamar .32-20 da .25-20, kuma wasu kayan cikin manyan ba sa shiga na ƙananan. A hoto kuwa duk ɗaya suke. Na ga wani a intanet yana sayar da jakar kayan ciki, ya rubuta cewa na .44 ne, na yi wuf na biya don kada wani ya riga ni. Da suka iso na kai wa Dattijo ina washe baki. Ya ɗauki ƙarfen da ke tura harsashi, ya kalle shi daƙiƙa biyu, ya ɗauko kwanson .44 ya kara a fuskarsa. Ko kusa bai zauna ba. Na ƙananan harsasai ne. Na rubuta wa mai kayan, ya amsa sau ɗaya cewa shi ma haka aka sayar masa, daga nan ko tari ban ƙara ji ba. Rabin kayan jakar ne kawai suka yi amfani: guduma, kunama, da wasu kusoshi.

Daga nan na daina saye da hoto. A watan Nuwamba na 2022 na tuƙa mota zuwa Tulsa a jihar Oklahoma, inda ake yin wata babbar kasuwar baje kolin bindigogi sau biyu a shekara. Teburan sun kai dubbai, in ka ce za ka tsaya a kowane, kwana biyun ba za su ishe ka ba. Ban kula manyan teburan masu gilashi ba. Tsofaffin da ke can lungu nake nema, masu akwatunan sigari cike da kusoshi da sifirin, waɗanda in ka tambaye su abu sai sun ba ka tarihin kakansu kafin su tona su fito da shi. Na tafi da kwanson harsashi a aljihu da takardar da Dattijo ya zana mini kowane ƙarfe da awonsa.

A wajen ɗaya daga cikinsu na samu bututun. Na ƙaramar ce mai inci 20, na .44, rubutun masana'anta yana nan raɗau a jikinsa. Amma kamar taƙi ɗaya daga baki ya kumbura, in ka shafa da yatsa za ka ji ƙulu kamar maciji ya haɗiyi ƙwai. Mutumin ya ce an jingine bindigar a rumbu shekaru, zanzaro ya shiga ya gina gidan laka a ciki, wani ya ɗauka ya harba bai leƙa ba. Allah ya rufa masa asiri bututun bai fashe a fuskarsa ba. Ga kowa wannan bututun ya mutu. Ni kuwa abin da nake nema ke nan, domin daga bayan kumburin zuwa gindi cikinsa lafiya lau, zanen da ke murɗa harsashi yana nan bai cinye ba. Na same shi a kuɗin da bai kai na man motata ba. A wani teburin na samu ƙotar gindi ta itacen walnat, baƙa ƙirin da tsohon mai, da tsaga a wuya, sai liba, sai zoben sirdi, wanda ake rataye bindiga da shi a kan doki.

Yanzu maganar doka, wadda ita ce rabin aikin. A 1934, bayan shekarun da 'yan daba suka addabi birane irin su Chicago, majalisar Amurka ta yi dokar da ta sa wasu makamai a ƙarƙashin rajista ta musamman da harajin dala 200. A yau duk bindigar kafaɗa irin wannan da bututunta bai kai inci 16 ba, ko tsawonta gaba ɗaya bai kai inci 26 ba, ta faɗa ciki. Dala 200 a wancan lokacin ta haura dala 4,000 ta yanzu, wato an sa harajin ne don ya kori mutane. Abin dariyar shi ne da farko an so a haɗa har da ƙananan bindigogin hannu, sai aka sa maganar gajeren bututu don kada mutane su guntule dogaye su kauce. Daga baya aka cire bindigogin hannu daga dokar, aka bar gajeren bututu a ciki. Shi ya sa yau fistol da ke shiga aljihu ta fi sauƙin mallaka a kan tsohuwar bindigar kaboyi da ta gaza da inci biyu. Ban ga hikimar ba, amma ba a nemi ra'ayina ba, kuma wanda ya yi gaban kansa zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 10.

Wani abokina ya ce mini ai tsohuwar bindiga ba ruwan hukuma da ita. Bai yi daidai ba ta fuska biyu. Sassaucin da yake nufi na waɗanda aka ƙera a 1898 ko kafin nan ne, tawa kuwa ta 1904 ce. Sannan ko da ta 1897 ce, muddin ana sayar da harsashinta a kasuwa, dokar gajeren bututu tana hawa kanta. Da na bi maganarsa da yanzu wani labarin ake yi.

Tsarin shi ne sai ka nemi izini, an ba ka, kafin a taɓa bututun. Na cika fom na ATF, hukumar da ke kula da harkar bindigogi, a intanet, na sa hotona, aka ɗauki zanen yatsuna, na aika kwafi ga shugaban 'yan sandan yankinmu don ya sani, na biya dala 200. A nan ma na yi wauta tawa ta kaina: wajen da ake neman tsawon bindigar gaba ɗaya na rubuta na bututu. Sai da na janye na sake daga farko, na yi asarar mako uku. Dattijo ya ƙi ko ya yi alama da alli a bututun. Ya rataye shi a bango da tsawonsa na inci 20, ya ce nan zai zauna har takarda ta zo. Na ji an soke wannan harajin daga farkon 2026, rajistar dai tana nan. Ni na riga na biya, kuma ba na nadama, domin takardar izinin tana zuwa da kan sarki a jikinta, irin na haraji, mai rubutun dala 200, abin da ban taɓa zaton zan gani a ƙarni na 21 ba.

A cikin kwanakin jiran nan ne na yi suɓul da baka na faɗa wa Yaya a waya. Ya yi shiru har na ɗauka layi ya yanke. Sannan ya ce, "Kai yanzu duk abin da za ka kashe kuɗi da lokaci a kai a ƙasar mutane, ka rasa sai bindiga? Ka san mutum nawa muka sani da bindiga ta hana noma bana?" Ban da amsa. Na ce, "Yaya, wannan tsohuwar aba ce, ta gidan tarihi, kuma komai da izinin hukuma nake yi." Ya ce, "Tsohuwa ba ta kisa?" Na ce tana yi. Muka koma maganar kuɗin makarantar yara, amma muryarsa ba ta dawo daidai ba har muka yi sallama. Mako biyu ban shiga gareji ba. Na san a gida wannan aikin haramun ne a doka in ba da lasisi ba, kuma na san kalmar bindiga a kunnen mutumin Zamfara ko Katsina a yau ba wasan kaboyi take tuna masa ba. Ban warware wannan a raina ba. Abin da ya mayar da ni gareji shi ne katakon.

Mahaifinmu kafinta ne. Na yi shekaru ina riƙe masa katako yana fere shi, kuma tun da na zo Amurka ban taɓa aikin hannu da ya wuce haɗa kujerar kwali ba. Ƙotar nan ta sha man bindiga na shekara 100 har ta zama kamar gawayi, kuma itacen da ya sha mai yakan yi laushi, gam ba ya kama shi. Sai na dama farar hoda irin ta alli da sinadarin cire fenti, na shafe ta, na ajiye a rana. Ranar Texas ba ta da bambanci da ta Kano a watan Afrilu. Zuwa yamma farar hodar ta koma ruwan kasa, ta tsotso mai. In goge, in sake shafawa. Sai da na yi haka sau tara kafin hodar ta fara dawowa da haskenta, sannan launin itacen na asali ya fito, ja-ja mai duhu da wasu layuka kamar zanen ruwa a yashi.

Wuraren da suka lotsa na bi su da jiƙaƙƙen tsumma da dutsen guga. Ka ɗora tsumman a kan lotsawar, ka danna guga mai zafi, tururi ya shiga, itacen ya kumburo ya koma mazauninsa. Baba yakan yi wa ƙofofi haka. Na ɗaga manya, na bar ƙanana da gangan. Akwai wani wuri a gefen hagu da ya shafe ya yi santsi, daidai inda zoben sirdi ya yi shekaru yana gogarsa a bindigar da ƙotar ta fito. Ban sa masa sanfefa ba.

Tsagar wuyan na buɗa ta a hankali na ɗura gam, na ɗaure da tsohuwar robar tayar keke, ta kwana biyu. Sai babban aikin: zaunar da katako a jikin ƙarfe. Ƙotar daga wata bindigar take, uwar jikin daga wata, kuma ko da yake masana'anta ɗaya ta yi su, ba su san juna ba. Na kunna 'yar fitilar kananzir, na riƙe wutsiyar ƙarfen a kan harshen wutar har ta yi baƙi da kunkunniya, na zura ta a katakon, na zare. Duk inda baƙi ya taɓa, nan ne itace ya yi tudu. In kankare wurin da cizal, abin da bai wuce kaurin fatar albasa ba, in sake shafa kunkunniya, in sake zurawa. Dare huɗu na yi ina wannan. A dare na uku gajiya ta sa na ci wani wuri fiye da kima a gefen dama. Na cike shi da garin itacen da gam, na ce ba wanda zai gani.

Man linsid na shafa mata, da tafin hannu, ɗigo biyu-uku, ana murzawa har hannu ya yi zafi. Dattijo ya ce kullum har mako guda, sannan mako-mako har wata, sannan wata-wata har shekara. Gareji ya ɗauki warin man, rigunana suka ɗauka, uwargida ta kafa dokar cewa kayan aikin ba sa shiga injin wanki tare da na yara.

Kayan ciki kuwa a shagon Dattijo muka yi su, ranakun Asabar. A nan na koyi abin da ban sani ba game da masana'antar zamanin da. Inji ne ke yanka ƙarafan, amma mutum ne ke zama da magagari ya daidaita kowane da ɗan uwansa kafin bindiga ta fita. Saboda haka ƙarfen wata ba ya faɗawa cikin wata ya zauna kawai. Karon farko da muka haɗa, libar ta tafi rabi ta cije. Ni da na ga haka na kai hannu zan danna da ƙarfi, ya buge mini hannu kamar yaro ya kai hannu tukunya. Ya warware komai, ya shafa baƙar tawada a ƙarafan, ya mayar, ya ja a hankali, ya sake warwarewa ya nemi inda tawadar ta goge. Dabarar kunkunniya ce dai, a kan ƙarfe. Yakan goga dutse sau biyu ko uku ya tsaya. Ya ce abin da ka cire daga ƙarfe ba ya dawowa. Duk abin da ya shafi ƙarafan sakatar nan biyu da zaman harsashi a mazauninsa bai bar ni na taɓa ba, shi ya auna da gejinsa, domin kuskure a nan ba kwalliya yake ɓatawa ba, ido yake cirewa. Ni aikina wanke kusoshi da miƙa sukundireba. Ko a nan sai da na zame na ja wa uwar jikin wani siririn layi kusa da kusar gefe. Bai ce komai ba, ya dai kalle ni ta saman tabarau.

Izinin ya zo bayan kwana 41, ina wurin aiki, ta imel. Doka ta ce wanda ya nemi izinin shi ne maƙeri, don haka dole a zana sunana da garina da jihata a jikin ƙarfen. Mun zaɓi wani wuri a ƙasa da ba ya ɓata fuska. Wani iri na ji da na ga sunan Bahaushe a jikin ƙarfen da aka ƙera a New Haven a 1904. Yankan bututun da na yi wata da watanni ina jira bai ɗauki lokacin cin abincin rana ba. Dattijo ya yi shi a injinsa ina tsaye, ya gyara bakin, ya rage kurtun harsashi daidai da shi, ya mayar da saiti. Ya miƙo mini guntun da ya fita, mai ƙulun zanzaro. Yana kan teburina yanzu, biro nake sawa a ciki.

Mun ɗan yi gardama a kan launi. Ƙarafan sun fito daga bindigogi aƙalla biyar, wani toka-toka, wani ruwan kasa, wani da sauran shuɗin masana'anta. Ni na so a goge su duka su yi ƙyalli. Shi ya ce tsohuwa in ta sha hoda ba ta zama budurwa. Muka tsaya a tsakiya: uwar jikin a bar ta da launin shekarunta, bututu da kurtu kuma a yi musu baƙi ta hanyar da, wadda abin mamaki da tsatsa ake yinta. Ka wanke ƙarfen tas kada ko zanen yatsa ya rage, ka shafa masa ruwan magani, ka rataye shi ya yi tsatsa da gangan. A laimar Houston kafin dare ya yi ja wur. Sai ka dafa shi a tataccen ruwa, jan ya koma baƙi, ka goge ƙurar da lallausan soson ƙarfe, ka sake. Sau shida na yi a dogon kaskon da na ɗora a kan murhun gas a bayan gida. Maƙwabcina ya leƙo ta saman shinge ya tambaya me nake dafawa.

Ranar gwaji Dattijo ya ɗaure ta a kan tebur a filin harbi, ya ɗaura igiya a kunama, muka koma bayan katanga. Ya ja sau uku. Bayan kowane harbi yakan ɗauki kwanson ya juya shi a haske yana neman kumburi ko tsaga. Da ya gamsu ya miƙo mini. Harsashi bakwai take ɗauka. Harsasan farko masu sauƙin ƙarfi ne, irin waɗanda ake yi domin tsofaffin bindigogi. A yadi 50 duk sun tafi sama da wurin da na auna, wajen taƙi guda, domin saitin gaba na dogon bututu ne, sai daga baya ya canza shi da mai tsayi. Amma libar tana tafiya kamar an shafa mata man shanu, ƙaras-ƙaras ɗin nan da na yi ta yi da baki ina yaro, kwanso ya tashi sama ya faɗo mini a kan hula.

Sannan ya fito da wasu guda biyar daga aljihu, ya ce waɗannan na baƙin albarushi ne, irin abincinta na asali. Na harba. Ƙarar ba tas ba ce, wani dum ne mai nauyi, farin hayaƙi ya turnuƙe gabana har ban ga allon ba. Warin ya daki hancina, sai ga ni a Ƙofar Kudu ranar hawan Sallah, ina kan wuyan Yaya, 'yan bindigar Sarki suna ɗura albarushi suna sakewa, dawakai suna zabura. Na tsaya riƙe da ita har Dattijo ya tambaye ni ko wani abu ya same ni. A daren sai da na wanke cikin bututun da ruwan zafi da sabulu, domin dattin baƙin albarushi yana jan laima, in ka bar shi ya kwana biyu ka gama da aikin shekara.

Na lissafa abin da na kashe, har da man zuwa Tulsa da jakar kayan da aka cuce ni, na ga da na sayi sabuwa ta zamani guda biyu da canji. Ban nuna wa uwargida lissafin ba, ita ma ba ta tambaya ba, sharaɗinta ɗaya ne, kuma na cika: bindigar tana cikin akwatin ƙarfe mai makulli, harsasai a wani wurin daban, yara ba su san lambar ba. Kwafin takardar izini yana naɗe a jakarta. Ko jihar da ke maƙwabtaka zan kai ta sai na nemi wani izinin tukuna, don haka tsohon da ya sayar mini da bututun zanzaro bai ga abin da ya zama ba.

Wajen wata biyu bayan nan, muna waya da Yaya a kan maganar gyaran rufin gidan Baba, sai ya ce, "Wai abin nan naka ka gama shi?" Na ce na gama. Ya ce in turo ya gani. Na ɗora ta a kan darduma kusa da taga na ɗauki hoto uku na tura ta WhatsApp. Ya daɗe bai ce komai ba, ina ganin alamar ya buɗe. Can sai ga saƙon murya. Bai yi maganar bututu ba, bai yi maganar ƙarfe ba. Ya ce, "Katakon nan kai ka yi shi da hannunka? Ya yi kyau. Amma duba gefen dama, inda ya haɗu da ƙarfe. Ka cike wurin da gari. Da Baba ne sai ka sake."

Na ɗauko ta na kai bakin taga na juya gefen dama. Wurin yana nan, bai fi tsawon ƙwayar shinkafa ba, ya ɗan fi sauran duhu.